Ƙulli na Huɗu a Igiyar Gilbert Mai Hoto

Ruwan farko na wannan shekarar ya sauka a Kafanchan wata Talata cikin Afrilu, wajen ƙarfe uku na yamma. Tun safe zafi ya hana kowa sakat. Sai hadari ya taso daga wajen duwatsun Kagoro, baƙi ƙirin, iska ta riga shi isowa tana kakkaɓo mangwaro a kan rufin kwano kamar ana jifa. Da ruwan ya ɗauke, ƙasa ta yi ƙamshi, kwatoci suka cika da jan ruwa.

Gilbert mai hoto ya fito bayan ɗakinsa, ya tsuguna a gindin katanga, ya shafa jiƙaƙƙiyar ƙasar da tafin hannu. Babu komai a wurin tukuna. Amma ya san nan da kwana goma abin da ke kwance a ƙarƙashin zai fito, kuma ya yi wa matarsa Regina alkawarin zai kai mata hotonsa. Ita kuwa tana Jos a gidan 'yarsu Miriyam, wata uku ke nan ba ta tashi daga gado ba.

A Fadan Kagoma aka haife shi, a gidan manoman citta da doya. Yana da shekara goma sha takwas ya biyo motar citta zuwa Kafanchan, ya ga wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa da hotunan amare a jikin taga, ya tsaya kallo har motar ta koma ba shi. Mai shagon Oga Dozie ne, ɗan ƙabilar Ibo, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, ubansa direban jirgi. Ya ɗauki Gilbert aiki, shara da ɗebo ruwan wanke hoto da farko, daga baya ya bari ya taɓa kyamara.

Oga Dozie yana da wata farar igiya ta auduga mai ƙulli uku. Cikin shagon duhu-duhu ne, don haka ba ya yarda da ido wajen saita hoto. Sai ya ja igiyar daga kyamara har ƙullin ya taɓa hancin mai ɗaukar hoto, sannan ya murɗa zoben da ke jikin gilashin kyamarar zuwa lambar da ta dace da wannan nisan. Ƙulli na farko na fasfo ne, na biyu na miji da mata, na uku na iyali gaba ɗaya. Babu malamin makaranta ko ɗan sandan da ba a dangwala wa ƙulli a hanci ba a garin nan. Gilbert kuwa matashi ne mai kaifin ido. Ranar da ya samu tasa kyamarar ya daina amfani da igiya, ya ce abin tsofaffi ne. Oga Dozie bai yi faɗa ba. Ya ce masa kawai, "Ka bari idon ya gaji tukuna."

Shekara arba'in da ɗoriya Gilbert ya yi yana ɗaukar hoto. Aure, baftisma, bikin kaka a coci, gasar mawaƙa, jana'iza. Ya hau keke zuwa Godogodo da Kagoma, daga baya ya hau babur. A Godogodo ya ga Regina cikin 'yan matan amarya, a layin baya, ita kaɗai ta ƙi yin murmushi. Sai da ya ɓata fim biyu a kanta.

Ranar da aka kawo ta gidansa, uwarta ta ɗaure mata wasu 'ya'yan albasa guda uku a bakin zane. Ba albasar miya ba ce. Wata irin albasar daji ce da ke kwana a ƙasa duk rani kamar ta mutu, sai an yi ruwan farko ta turo kara guda, kan karan ya buɗe ya zama jan fure zagaye kamar ƙwallo, duk tsinke-tsinke sirara, kowane tsinke da ɗan ɗigon rawaya a baki. Mako guda yake yi, da ƙyar ya ƙara kwana biyu, sai ya yi baƙi ya faɗi. Regina tana kiransa furen Mama. Daga shi ta fara, har bayan gidan ya cika da rosi fari da ja, da furen rana, da wasu masu kama da ƙararrawa da ta roƙo iri a gidan fasto. Kowace Asabar da yamma takan yanka, ta jera a gwangwanayen madara da ta naɗe da takarda mai ƙyalli, ta kai bagadin coci. Furen Mama kuwa sau ɗaya a shekara yake zuwa coci.

Sau uku, cikin duk shekarun nan, ta ce masa, "Baban Miriyam, ka ɗauki furen nan hoto mana." Sau uku yana ce mata fim na mutane ne, fure ba ya zuwa karɓar hotonsa. Bayan na ukun ba ta sake tambaya ba. Shi kuma bai lura ta daina ba.

Waya ta zo ta kashe sana'ar. Fim ya yi wuyar samu, sannan ya ɓace. Abin da ya rage masa shi ne gilasai uku na kyamara da Oga Dozie ya bar masa da zai rasu, na ƙarfe ne masu nauyi, ƙirar Jamus da Rasha, ba sa saita kansu, sai an murɗa da hannu. Yana ajiye su cikin tsofaffin safa, a gwangwani mai shinkafa a ƙasa don kada sanyin damina ya sa musu fumfuna. 'Yarsu Miriyam, wadda ke aikin nas a Jos, ta sayo masa kyamarar zamani ta hannu, marar fim, da wani zoben ƙarfe da ke haɗa ta da tsofaffin gilasan. Ta so ta haɗo masa da gilashi mai saita kansa, ya ce ba ya so, shi ba zai riƙe abin da zai zaɓar masa inda zai duba ba.

Cikin Janairu ɓarin jikin Regina ya shanye tana tsakiyar ban ruwa. Miriyam ta zo ta tafi da ita. Gilbert yana zuwa duba ta duk mako biyu, ya dawo saboda gida da lambu. A zuwansa na cikin Maris ta kama hannun rigarsa da hannunta mai lafiya. Maganarta ta yi nauyi, sai an sunkuya.

"Idan ya fito, ka kawo mini. In gani."

Miriyam ta ce, "Mama, ai wannan mai sauƙi ne. Sai in sa maƙwabta su ɗauka da waya su turo, minti ɗaya."

Regina ta girgiza kai a kan filo. Ta nuna mijinta da haɓa. "Shi."

Gilbert ya ce, "To."

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne idonsa. Fiye da shekara guda ke nan yana ganin duniya kamar ta cikin ruwan wankin shinkafa. Yana buɗe littafin waƙoƙi a coci, amma da ka yake rerawa. Mutane kuwa da murya yake gane su.

Furen ya buɗe ranar Jumma'a, kwana goma cif bayan ruwan. Asabar da sassafe ya kafa sandar kyamara mai ƙafa uku, ya ɗaura gilashin da ya fi so, ya durƙusa a kan buhu. Ya murɗa zoben hagu, ya murɗa dama. Jan abu yana gani, yana kumbura yana motsewa. Inda ya ga kamar ya fi taruwa sai ya danna. Ya ɗauki goma sha biyu, ya zare memori, ɗan katin da hotunan ke ciki, ya nufi tsohon shagon.

'Yar Oga Dozie ce ke riƙe da shagon yanzu, Ijeamaka, ta haura sittin, tana fotokwafi da buga hotuna da kwamfuta. Tun tana 'yar firamare ta san shi, har yau kuma ba ta daina kiransa da sunan da ta sa masa ba.

"Yaron Papa! Yau wa ya mutu, ko wa ya yi aure?"

"Ba ko ɗaya, Ije. Fure ne."

"Fure? Kai? To, Yesu ya kusa dawowa."

Ta sa tabarau, ta buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Dariyar ta tsaya.

"Gilbert, wannan tumatir ne da mota ta taka?"

"Duka?"

"Duka sha biyun." Ta juyo ta dube shi da kyau. Ta ɗaga hannu daga inda take zaune. "Yatsa nawa?"

Ya ƙura ido, ya kasa ƙirga su.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Maman Miriyam ta sani?"

"Tana da nata ciwon."

Ijeamaka ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce za ta rufe shago su je tare, ita ta murɗa masa zoben, shi ya danna, wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Ta ce to ga wayarta, sabuwa ce, ɗanta Chinedum ya aiko daga Abuja. Ya ce Regina ba waya ta nuna da haɓa ba.

"Taurin kai dai irin na Papa. Shi ma haka ya mutu."

Ya miƙe zai tafi, ya kai ƙofa, sai ya tsaya da hannu a jikin ƙyaure. "Ije, igiyar nan tana nan?"

"Wace igiya?"

"Mai ƙulli uku."

Ranar Litinin ta zo gidan da ita, ta samo ta a ƙasan akwatin ubanta, ta yi ruwan ƙasa don tsufa amma ba ta ruɓe ba. Suka zauna a kan benci a bakin lambu. Ƙullin fasfo ya yi wa fure nisa, don haka suka auna ƙafa biyu da tef ɗin tela, Gilbert ya ƙulla na huɗu da kansa, ya ja shi da haƙori. Lambobin da ke jikin zoben ba ya iya karanta su. Ijeamaka ta nemo lamba biyu, ta ɗiga jan farce a kai, ta bari ya bushe ta ƙara, sau huɗu, har ya yi tudu yadda yatsa zai ji. Ta ɗiga wani a jikin layin da ake daidaitawa da shi. In tudu ya haɗu da tudu, an saita ƙafa biyu ke nan.

"Ka gani, yau jan farcena ya yi aikin Allah," in ji ta.

Talata da safe ya riƙe bakin igiyar a gaban gilashin, ya matsar da sandar a hankali har ƙullin ya taɓa tsinken furen na gaba. Tudu ya haɗu da tudu. Ya ɗauki shida. A hanyarsa ta zuwa shago har yana gaida mutane da ƙarfi.

Ijeamaka ta duba, ta ja tsaki. "Ya fi na ranar Asabar. Amma bai fito ba. Furen dishi-dishi yake."

Ya nemi kujera ya zauna. Kwana biyar ke nan da buɗewar furen.

"Abin haushin," ta ce, "akwai wata ciyawa a gabansa, ita ta fito tar. Har gashin jikinta ina gani. Ka zo ka ɗauki ciyawa hoto mai kyau, yaron Papa."

Ya ɗago kai. "A gabansa? Tsakaninsu kamar yaya?"

"Ina zan sani? Kamar haka." Ta haɗa yatsu huɗu ta ɗora masa a tafin hannu.

Ya ɗauko kyamarar daga jaka, ya kwantar da yatsunsa a jikin gilashin, daga bakinsa zuwa inda ya shiga jikin kyamarar, ya ɗan wuce. Yatsa huɗu da ɗan kai. Sai ya tuna. Oga Dozie bai taɓa riƙe igiyar a bakin gilashi ba. Akwai wata ƙusa da ya kafa a jikin sandar, daidai ƙarƙashin bayan kyamara, inda fim yake kwanciya, a nan yake rataye ta. Daga fim ake aunawa. Gilbert ya ga ƙusar nan kullum har shekara shida, ya share ƙurarta ma, amma da yake ya raina igiyar bai taɓa tambayar dalilinta ba. Da ya zo yi da kansa kuwa, ya ɗauka tunda babu fim a wannan kyamarar, ko daga ina aka auna daidai ne.

"Duba saman kyamarar, Ije. Ko akwai wata alama, ƙarama, zagaye da layi ya ratsa ta?"

Ta kai ta bakin ƙofa wajen haske. "Ga ta nan. Kamar ƙwayar gero."

"Ɗiga mini jan farce a kai."

Laraba aka tashi da ruwa da iska, ba su tsaya ba sai bayan rana ta karkata. Ya kifa tsohon kwando a kan furen, ya danne da dutse, ya zauna a baranda yana jin ruwa a kwano. Da yamma ya ɗaga kwandon ya shafa furen da bayan yatsa. Tsinkayen ƙasa sun fara laushi. Miriyam ta kira ta ce Mama ba ta ci komai ba tun jiya sai kunu cokali uku, kuma ta tambaya ko an yi ruwa a Kafanchan.

"Ki ce mata an yi. Ki ce mata ina zuwa gobe."

Alhamis gari ya waye shiru, ko ganye ba ya motsi. Ya fita kafin rana ta haura katanga. Ya shimfiɗa buhu, ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya laluba ya cire ciyawar nan ta gaba. Ya dafa bakin igiyar da babban yatsa a kan ɗigon jan farcen da ke saman kyamara, ya ja ta da ɗaya hannun, ya matso da sandar kaɗan-kaɗan, har ƙulli na huɗu ya taɓa furen. Ya juya ta gefen da bai yi laushi ba. Ya shafa zoben, tudu a kan tudu. Ya janye igiyar, ya jira furen ya daina rawa. Bai ko leƙa ta cikin kyamarar ba, don ba abin da zai gani. Ya riƙe numfashi ya danna. Sau uku kawai ya ɗauka.

Ijeamaka ta riga shi zuwa shago, ta buɗe tun kafin lokacinta. Ta duba na farko, ta duba na biyu. Ba ta yi tsiya ba a wannan karon. Ta tashi ta ɗauko takarda mafi girma da take da ita ta sa a inji.

"Je ka hau mota," ta ce. "Ka gaida mini ita."

Ya isa Jos da rana tsaka. Regina ta rame ƙwarai, amma idonta biyu. Miriyam ta tallafo ta da filo. Ya zaro hoton daga ambulan ya ɗora mata a kan cinya, ta riƙe gefensa da hannu mai lafiya. Ta daɗe tana dubawa, har ya fara jin tsoro.

Tsohon gilashin nan yana da halinsa. In aka saita shi a abu na kusa, duk abin da ke baya sai ya narke ya zama kore mai laushi, ba a gane ganye, ba a gane katanga.

"Ina ciyawa?" in ji Regina.

"Wace ciyawa?"

"Ka ɓoye. Ba ka yi noma ba."

"Gilashin ne ke yin haka, Maman Miriyam."

"Ƙarya."

Miriyam ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta fita waje. Suka rage su biyu. Gilbert ya matso da kujerarsa. Ya yi ta juya hularsa a hannu, sannan ya yi tambayar da bai taɓa yi wa kowa ba cikin shekara arba'in na sana'a.

"Ya fito?"

Ta juyo da kai ta dube shi. "Ba ka gani."

"Ba na gani."

"Na sani. Tun bara. Ka gaida gwanda, ka ce sannu Fasto."

Ya sunkuyar da kai. Ta saki hoton, ta kamo yatsansa ta ɗora a kan takardar, ta riƙa jansa a hankali. Nan ja ne. Nan rawaya, a bakin kowane tsinke. Nan kuma raɓa ce, ɗigo uku, ɗaya da hasken rana a ciki. Shi bai san akwai raɓa ba.

"Ka kai shi coci," ta ce.

"Ya soma baƙi."

"Ka kai."

Ya kwana biyu ya dawo ranar Asabar. Furen ya sunkuya, rabinsa ya yi baƙi. Ya yanka shi haka nan, ya sa a gwangwanin madara mai takarda mai ƙyalli, ya kai bagadi. Matan zumuntar coci suka dubi juna, amma ba wadda ta ɗauke shi.

Regina ta rasu cikin Yuni, masara ba ta nuna ba. An kawo ta gida aka binne. Hoton yana jingine a bango inda take iya gani har ranar ƙarshe, Miriyam ce ta dawo da shi cikin kayanta. Bayan wata biyar ta matsa wa ubanta aka cire masa yanar ido ɗaya. Ranar da aka kwance bandeji, da ya dawo gida, ya tsaya gaban hoton ya ƙirga raɓar. Uku ce.

Gilbert yana nan a gidansa da ke bayan layin dogo, shekararsa saba'in da biyu. Idon dama yana gani, na hagu yana jira. Shi ke ban ruwa, shi ke noman lambun. Kowace Asabar da safe yana ɗaukar furannin hoto da tsofaffin gilasan, da igiyar a hannu, da yamma ya yanka ya kai coci. Albasar ta ƙaru, bana kara bakwai ta turo.